Yarinyar Goggo

A gidan suna Malama Khadijatu ta fara jin maganar, nan unguwar Limawa ta Dutse, tana zaune a kan kujerar roba saboda gwiwoyinta sun daina shiri da tabarma. Wata mata ce a bayanta take ba maƙwabciyarta labari, da irin muryar nan ta wanda yake so kowa ya ji amma kada a ce shi ya faɗa. Wai Mahbuba, 'yar Fulanin nan ta wajen Buji da ta tafi aikatau ƙasar Larabawa, tana cikin waɗanda aka kwaso daga Libiya, an ajiye ta a wani gida cikin Dutse inda ake kula da matan da aka ceto daga hannun masu safarar mutane. Wai an buga wa uwarta waya ta zo ta tafi da ita, uwar ta ce ita ba ta da 'ya.

Kafin a gama rabon waina labarin ya zaga tsakar gida ya dawo da ƙiba. Wata ta ce ciki yarinyar ta zo da shi. Wata ta ce a'a, ciwo ne, irin wanda ba a faɗa. Wata ta ce uwar har rantsuwa ta yi. Masu cewa uwar ta yi daidai suka ce ai Fulani ba sa ɗaukar abin kunya, masu tsine mata suka ce ba ta da imani. Amma babu wadda ta yi shakkar an yi hakan, kuma kowacce ta tashi da darasinta a hannu: 'ya'yan yanzu ba sa jin magana, kwaɗayi ke kai su inda ba a aike su ba.

Malama Khadijatu ta yi shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa, kuma abin da aikin ya bar mata, ban da ciwon gwiwa, shi ne rashin yarda da duk labarin da ya iso da darasinsa a goye. Ɗalibi in ya kawo ƙara har ya riga ya yanke hukunci, ta san da abin da ya rage bai faɗa ba. Ga shi kuma ta san Mahbuba. An taɓa tura Malama makarantar 'ya'yan makiyaya ta wajen Buji don a hora ta kan yawan musu da na sama, ita kuwa ta ji daɗin wurin har sai da aka roƙe ta ta dawo. A can ta koyar da yarinyar, siririya mai wushirya, ba ta ɗaga hannu a aji amma in aka nuna ta amsar daidai take fitowa. Ta san uwar ma, Adama, mai kawo nono bakin makaranta.

Sai ta juya kujerarta ta tambayi mai labarin a bakin wa ta ji. Matar ta ce ai kowa ya sani. Malama ta ce ita ba ta san wani mai suna Kowa ba, a faɗa mata sunan mutum. Aka yi dariya, aka ɗan ji haushi, amma aka faɗa. Wannan ta ji daga wancan, waccan daga mai kitso, mai kitso daga Hajiya Murja.

Hajiya Murja dillaliya ce, mai atamfa da turaren wuta da kayan ɗaki, kuma ita ake zuwa wa idan yarinya tana neman aiki a waje. Ba a ɓoye take yi ba. A unguwa taimako ake kiransa. Washegari da hantsi Malama Khadijatu ta dogara sandarta ta je.

"Lale da Malama," in ji Murja tun daga ƙofar falo. "Yau makaranta ce ta biyo mu har gida? Wallahi na yi aikin gidana."

"Da kin yi, da ba a ce in zo ba."

Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka kawo dambu da zogale. Murja ta ɗauko wata kwalba daga kan firji ta zuba musu man shanu a yalwace. Tsohuwar kwalbar lemo ce, an toshe bakinta da totuwar masara, an ɗaure wuyanta da jan zare. Man soyayye ne, mai ƙamshin da ba a samu a kasuwa. Murja ta ce tsaraba ce daga ruga, mutanenta ba sa manta ta.

Da aka zo kan Mahbuba sai ta sauke murya ta dafe ƙirji. Ta ce ita ma cutarta aka yi. Gida mai kyau ta samar wa yarinyar, gidan wani likita, amma mutanen da ke karɓa a Agadas suka karkatar da motar, kuma wa ya isa ya san abin da ke faruwa a cikin sahara? Ta ce da kunnenta ta ji uwar tana cewa kada yarinyar ta tako mata gida. Ta ce ta yi roƙo har ta gaji. Malama ta tambaye ta wane gida ne aka ajiye yarinyar. Nan Murja, wadda ta san abin da aka faɗa a waya da abin da aka rantse da shi, ta ce wannan kam ba ta sani ba, irin gidajen nan ɓoye su ake yi.

Malama Khadijatu ta cinye dambunta, don ya yi daɗi, kuma ba ta taɓa ganin amfanin yin fushi da abinci ba. Ta yi godiya ta fito. A hanya ta yanke cewa tunda uwa aka ce ta yi magana, uwar za ta je ta tambaya.

Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo. Washegari ta shiga motar haya zuwa Buji, daga can ɗan acaɓa ya ɗauke ta, tana riƙe da kafaɗarsa tana yi masa faɗa kan gudu har suka isa. Sunan ruga ne kawai ya rage wa wurin. Mutanen sun daɗe da zama, sun gina ɗakunan ƙasa, suna noma, manyan shanun kuma sun yi kudu tun bara tare da Bubayero, wan mijin Adama, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mijin. Mata da tsofaffi ne a gida.

Adama tana gindin darbejiya tana wanke ƙore. Ta tsufa fiye da shekarunta. Ta gane Malama nan take, ta durƙusa, ta kawo tabarma, sannan ta lura da gwiwoyin Malama ta koma ta ɗauko turmi ta kifa mata. Aka sha fura. Aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Malama ta tambayi Goggo Jaji, sai Adama ta ce Goggo ta riga mu gidan gaskiya tun kafin azumi.

Mahbuba 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta Goggo Jaji, yayar ubanta, ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Gida ɗaya suke, tukunya ɗaya, amma Adama ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba, yarinyar kuma Adda take ce mata kamar wata yayarta. Mutanen birni in sun ga haka sai su ce rashin so ne. Malama ita kanta ba ta bi wannan al'ada ba, da sunansa take kiran ɗanta na fari, surukarta ta yi shekaru tana jin nauyin abin. Amma ba ta taɓa yarda cewa rashin so ne ba. Ta tuna yadda Adama, a bakin makaranta, take wuce Mahbuba kamar ba ta gan ta ba, ta je ta cika wa ƙawarta kwano har yana zuba, don ta san tare suke sha.

Saboda haka ba ta ce 'yarki ba. Ta kalli gona ta ce ta ji an ce yarinyar Goggo ta dawo ƙasa.

Adama ta duba hagu da dama, sannan ta tashi ta ce Malama ta zo ta ga wani abu. Ɗakin marigayiya Goggo ne. An share shi tas, an yi sabon daɓe, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an rataye gidan sauro da ko wanki bai taɓa gani ba. A kan wani katako jikin bango kwalabe ne jere, na lemo, kowacce an toshe ta da totuwar masara, an ɗaure wuyanta da jan zare.

Malama ta daɗe tana kallon zaren. Ɗanɗanon dambun jiya ya dawo mata a maƙogwaro.

Adama ta ce na saniyar yarinyar ne, wadda aka ba ta ranar suna, wato jikar waccan saniyar yanzu. Ita ba ta sayar da man wannan. Jan zaren don kada ya haɗu da na kasuwa ne.

A bakin ƙofar ɗakin ta ba da labarin, idonta a ƙasa. Wata rana bayan tatsa wayarta ta yi ƙara. Mace ce, mai Hausar birni, ta ce daga Dutse take, akwai yarinya a wurinsu, ta kwatanta gidan, koren ƙyaure kusa da wasu dabinai.

"Sai ta ce ni ce uwarta? Malama, ga surukata zaune, ga matan ƙannen mijina, duk sun yi shiru suna ji. Na ce ba tawa ba ce, ta Goggo ce. Ta ce to a ba ta Goggon. Na ce Goggo ta rasu. Ta ce to wa zai zo ya tafi da ita? Na yi shiru, ina jira ta gane."

Matar ta ce za ta sake kira. Waya ba ta kamawa a gidan sai an dace, sai a kan wani suri can bayan garke. Tun daga ranar, kullum in ta gama tatsa sai ta je ta tsaya a kan surin da wayar a hannu, tana yi kamar maraƙi take nema. Ba ta iya karatu ba, madannin amsawa kawai ta sani, kuma ta ce wa wani a gidan ya kira mata saboda 'yar fari, bakinta ya kasa. Da Goggo na nan ita za ta je. Da Bubayero na nan shi zai je. Ita ta tashi da ƙafarta ta je, kafin kowa, ba a taɓa yi ba a gidansu.

Shi ya sa ranar kasuwa ta ɗauki nono ta shiga Dutse kamar talla ta kai, ta wuce gidan Hajiya Murja. Ita ta san hanya, ita ta san manya, ita ta tafi da yarinyar tun farko kuma ta zo har gida ta yi kuka lokacin da labari ya ɗauke. Adama ta kwatanta mata gidan mai koren ƙyaure, ta ba ta kwalba ɗaya, ta ce a kai wa yarinyar Goggo, a ce mata an share ɗakin Goggo, yana jiranta. Da ta koma jin amsa, Hajiya ta ce ta kai, yarinyar ta karɓa ta yi kuka, amma ta ce kunya take ji, a ba ta lokaci sai bayan girbi. Adama ta ga ai da gaskiyarta. Ta ƙara ba da kwalba, ta dawo tana jiran girbi.

Suka koma gindin darbejiya. Malama Khadijatu ta saba faɗa wa iyaye abin da ba sa so su ji, amma ba ta taɓa jin harshenta ya yi nauyi irin na ranar ba. Ta faɗa dai, ba ta rage komai ba: abin da ake cewa a Limawa, da bakin da ya fito, da kwalbar da ta gani a kan firji.

Adama ta ɗauki ƙwarya ta ci gaba da wankewa. Hannunta bai tsaya ba, sai dai wuri ɗaya yake ta gogewa.

"Ita ma haka aka gaya mata?"

Malama ta ce ba ta sani ba, amma yau za su sani. Ta karɓi wayar, ƙarama mai madannai, ba a cika kiranta ba, baƙuwar lamba ɗaya ce tak a ciki. Ta taka har bayan garke, ta jingina da surin don hawa ya fi ƙarfinta, ta ɗaga wayar sama har ta kama. Wata mai suna Nuriyya ta ɗauka. Malama ta faɗi ko ita wace ce, ta ce tana tare da mahaifiyar Mahbuba, suna tafe. Sannan muryar ta ce su zo.

Adama ba ta nemi izinin kowa ba. Ta sa zanenta na fita, ta ɗauki kwalba ɗaya ta naɗe a gefen mayafi. Surukarta, tsohuwa tukuf, ta bi ta da kallo daga bakin ɗaki, ba ta tambaye ta ina za ta ba, ta ce dai Allah ya kiyaye hanya. A mota, da duwatsun Dutse suka fara bayyana, Adama ta juyo wajen Malama.

"Malama, ke za ki yi magana."

"Ni zan fara. Amma akwai tambayar da ba ni za a yi wa ba."

Gidan yana inda aka kwatanta. Daga waje ba ka ce komai ba, daga ciki kuwa ƙarar kekunan ɗinki ce ke tashi, 'yan mata a baranda suna koyon yanka, wasu da goyo, wata zaune ita kaɗai tana kallon bango. Adama ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da gefen ido. Nuriyya ta fito ta tarbe su, matashiya ce mai tabarau, da alamar gajiya a fuska, ta durƙusa ta gaishe su ta kai su ofis. Ta ce su gafarce ta, ƙa'idar gidan ce ba a maganar kowa sai da nasa. Ta dubi Adama.

"Inna, ke ce mahaifiyar Mahbuba?"

Adama ta kalli Malama. Malama ta kalli taga. Kekunan ɗinki suka ci gaba da ƙara. Adama ta buɗe baki ta rufe, ta gyara mayafi, zufa ta tsattsafo mata a goshi kamar mai ɗauke da kaya.

"Ni na haife ta."

Nuriyya ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ta gane muryar. Ta ce ita ce ta kira.

A Kaduna ta tashi, uwarta da sunanta take kiranta duk da ita ce ta fari. Ta san da kunyar ɗan fari, ta sha jin tsofaffi suna ba da labarinta, amma ranar ko kusa ba ta zo mata a rai ba. A aikin nan ta kira iyaye da yawa. Ta ji uban da ya ce 'yarsa ta mutu tun ranar da ta fita, ta ji uwar da ta ce kada a sake kiran lambarta. Da ta ji ba tawa ba ce, ta ji kuma shirun da ya biyo baya, sai ta ɗauka irinsu ne. Ta ce Mahbuba tana zaune a kujerar nan lokacin, ita ta ba da lambar, amma da aka miƙa mata wayar ta ƙi karɓa, ta ce su yi maganarsu. Nuriyya ta ɗauka tsoro ne. Bayan ta kashe, Mahbuba ta tambaye ta me Adda ta ce, ita kuwa ta ga ba za ta iya maimaita wa yarinyar da ta sha abin da ta sha irin wannan magana ba. Sai ta ce mata gida ba su shirya ba tukuna, a ba su lokaci. Ta sake kira ba sau ɗaya ba, wayar ba ta shiga.

Malama ta tambaya me yarinyar ta sha. Nuriyya ta dubi Adama, ta zaɓi abin da za ta faɗa. An karɓe mata takardun tafiya tun a hanya. An sayar da ita daga wannan gida zuwa wancan, tana aiki ba albashi, ana kulle ta in masu gida za su fita. Gidan ƙarshe ba na aiki ba ne. Ba ta zo da ciki ba, ba ta zo da ciwon da ake faɗa ba. Ta zo da hannun hagu da ya karye ya haɗe a karkace, kuma ta daɗe ba ta yarda a rufe ƙofa tana ciki. Amma ta fara warwarewa. Ta kama ɗinki da sauri. Har tsokana ta fara, kullum sai ta ce wa mai girki tuwonsu ba laifi amma miyar marainiya ce, babu man shanu.

Adama ta sa hannu a gefen mayafinta, inda kwalbar take.

Sai wata Hajiya ta zo, in ji Nuriyya, ta ce ita ƙanwar uban yarinyar ce, daga gida aka aiko ta, ta faɗi sunan ƙauye da na kowa daidai. Aka tambayi Mahbuba ko tana so ta gan ta, ta ce e. Lemo da ayaba ta kawo. Sun daɗe a baranda suna magana. A bakinta Mahbuba ta ji rasuwar Goggo. Bayan ta tafi, yarinyar ta shigo ofis ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ta ce, Anti, ki gaya min gaskiya, Adda ta ce ba ta da 'ya? Ni kuma na ga kusan abin da na ji ke nan. Na sunkuyar da kai."

"Ba ki gaya mata ta ce ta Goggo ce ba?" in ji Malama.

"Ban gaya mata ba."

Su ukun sun san da yarinyar ta ji wannan rabin, da dariya za ta yi, don shi take ji tun tana rarrafe.

Adama ta yi magana a hankali, ba ta dubi kowa ba. Ta ce a kira ta.

Nuriyya ta ce ba ta nan. Makon da ya wuce ta haɗa kayanta ta ce Hajiya ta samar mata aiki a Kano. Sun roƙe ta, sun zaunar da ita, shugabar gidan ma ta yi mata magana. Ta ce ta gode, amma ba za ta tsufa a gidan baƙi ba, kuma ba ta da inda za ta koma. Babba ce, gidan kuma ba kurkuku ba ne, an kulle ta ya isa. Tun zuwanta ana tambayarta wa ya fitar da ita daga ƙasa, ba ta taɓa faɗa ba, sai ta ce wata ce mai son taimako, ita ma yaudararta aka yi. Lambar da ta bari a kashe take tun washegarin tafiyarta.

Malama Khadijatu ta faɗi sunan Hajiyar, da unguwarta, da sana'arta, ta ce ita ce ta fitar da yarinyar da farko, kuma ita ce ta sake ɗauke ta yanzu. Nuriyya ta miƙe tsaye da waya a hannu.

Jami'in da ya zo daga hukuma mutum ne mai sanyin magana, ya zauna nesa kaɗan don girmamawa. Ya ce za a aika kan iyaka da tashoshin mota, suna da hotonta, amma masu wannan sana'a sukan canza wa yarinya suna da shiga, saboda haka yana so mahaifiya ta faɗi duk wata alama da ba ta canzawa. Malama ta ɗauka nan za a sha wuya. Sai ga Adama tana jerowa ba tare da tsayawa ba. Tabo a ƙwaurin dama, inda maraƙi ya harbe ta tana ƙarama. Tawadar Allah a bayan kunnen hagu, gashi yana rufe ta. Ɗan yatsan ƙafa da farcensa bai sake fitowa daidai ba. In ta tsorata ba ta kuka, sai ta riƙa murza gefen zane. In tana barci takan sa hannu ƙarƙashin kumatu. Ba ta cin kuɓewa, ko an ɓoye a miya sai ta gane. Matar da ba ta taɓa kallon 'yarta ido da ido a gaban mutane ba, babu inda ba ta sani ba a jikinta.

Jami'in ya ce saura suna, daga bakinta.

Adama ta ɗago kai. Sannan ta faɗa, a rarrabe, kamar kalmar wani yare da take koyo.

"Mahbuba."

Ta sake faɗa, ba a tambaye ta ba. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi, babu sauti. Nuriyya ta fita waje. Malama ta zauna tana kallon sandarta.

Kafin magariba jami'ai suka isa Limawa, suka tarar da kwaɗo a ƙofar Hajiya Murja. Maƙwabta suka ce ta tafi saro kaya, tun jiya da rana, jim kaɗan bayan Malama ta bar gidan. Malama ta ji wannan ta riƙe shi a ranta. Aka aika kan iyaka. Wani ya ce ya ga mota da 'yan mata ta bi ta wajen Maigatari, wani ya ce ba ranar ba ce. Aka ce ana bincike, kuma ana yi ɗin, Nuriyya takan kira Malama ta gaya mata inda aka kwana, har abin faɗa ya ƙare.

Adama ta bar kwalbar a ofis, ta ce ko yarinyar za ta biyo ta nan. A tasha, kafin ta shiga mota, ta miƙa wa Malama wayarta ta ce a nuna mata inda ake dannawa in mutum ne yake so ya kira. Malama ta nuna mata, ta sa ta gwada har hannunta ya saba. Aka yi girbi. Bubayero ya dawo ya ji, ya je Kano, ya je Damagaram, ya dawo. Ɗan acaɓan da ya taɓa kai Malama ya ce har yanzu in ya bi ta wurin da hantsi yakan hango mace tsaye a kan suri.

Bayan girbin aka yi wani suna a Limawa. Malama Khadijatu tana kan kujerar roba sai ta ji muryar nan a bayanta, ana ba wata baƙuwa labarin Bafulatanar da ta ce ba ta da 'ya. Ta juya kujerar, ta jira har tsakar gidan ya yi shiru.

"Adama ba ta ƙi 'yarta ba. Ta share mata ɗaki, ta aika a gaya mata, wadda ta aika ce ta sake tafiya da ita. Mahbuba ta bar Dutse tana zaton uwarta ta ce ba ta da 'ya, kuma har yau ba a san inda take ba."